Compraría: yadda ake cewa "da na saya" da Sifaniyanci, da wuraren da ake zamewa

Duk wanda ya fara koyon Sifaniyanci ya san irin wuyar da ake sha a wajen aikatau ɗinsu, kowane lokaci da nasa ƙarshen, ka haddace na masu ƙarewa da -ar yau gobe a ce maka na masu -er daban ne, jibi kuma a kawo maka waɗanda ba sa bin ƙa'ida kwata-kwata. To amma akwai lokaci guda da gaskiya suka sauƙaƙa wa mai koyo, shi ne wanda suke kira condicional, wato lokacin sharaɗi, irin na "da na samu da na yi" ɗin nan namu. Gina shi ba ya cin minti goma. Inda aikin yake shi ne sanin wurin da ake sa shi da wurin da ba a sa shi, kuma a nan kunnen Bahaushe yana taimakonsa sosai a wasu wuraren, a wasu kuma shi ne ma yake kai shi ya baro.

Bari mu ɗauki aikatau ɗaya mu bi shi, comprar, saye kenan. Yana bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari kuma ba ranar da za ta wuce ba ka buƙace shi ba. A yawancin lokutan Sifaniyanci sai ka yanke -ar ɗin ƙarshe tukunna ka manna sabon ƙarshe, compro, compras, compraba, compré. A condicional ba ka yanke komai, kalmar yadda ka gan ta a ƙamus haka za ka bar ta, sai ka ɗora mata ƙarshe a baya. Ni, yo compraría. Kai ko ke, tú comprarías. Shi ko ita, él compraría, ella compraría, haka nan usted compraría in kana girmama wanda kake magana da shi. Mu, nosotros compraríamos. Ku, vosotros compraríais. Su, ellos comprarían, da kuma ustedes comprarían. Shikenan fa, -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Kuma abin daɗin shi ne ba ruwansa da rukunin aikatau, vender sayarwa ya ba ka vendería, venderías, venderíamos, subir hawa ko ƙara kuɗin kaya ya ba ka subiría, subirías, subirían. Ƙarshe ɗaya ga kowa da kowa.

Ka lura na "ni" da na "shi" iri ɗaya ne sak. Su kuma masu harshen sun saba jefar da wakilin suna, compro kawai ya isa an san kai ne, to a nan in maganar za ta rikice sai ka dawo da shi, ka ce yo compraría ko ella compraría don a san wa ake nufi.

Ita kuwa 'yar sandar nan da ke kan í, wadda suke ce wa tilde, ba ado ba ce, kar ka yarda ka bar ta. Ita ce take raba i da a su zama gaɓa biyu, ta kuma ɗora ƙarfin murya a kan i ɗin, kom-pra-RI-a, gaɓa huɗu. Akwai kalmomi uku da suke kama da juna a ido kuma ɗalibai suna cakuɗa su kullum: comprará, ƙarfi a ƙarshe, zai saya. Comprara, ba tilde, ƙarfi a tsakiya, wannan wani lokaci ne daban da za mu haɗu da shi nan gaba kaɗan. Sai compraría namu. A waya in ka danne harafin i ka riƙe za ta fito maka, ba sai ka sauke wani kibod na musamman ba.

Me ya sa aka bar kalmar sukutum ba a yanke ta ba? Tarihi ne. Latin, uwar Sifaniyanci da Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal, ba ta da wannan lokacin sam. Mutanen gari ne suka riƙa haɗa kalma biyu, aikatau ɗin yadda yake da kuma shuɗaɗɗen lokacin habere, wato mallaka a Latin, wanda a yau shi ne había, kamar dai a ce comprar había. Yau da gobe hab- ɗin ya zaizaye aka bar -ía, kalmomin biyu suka zama ɗaya kamar maƙwabtan da katangar tsakaninsu ta faɗi suka ƙi sake ginawa. A tsofaffin rubuce-rubucen Kastila ma za ka ga ana cusa wakilin suna a tsakaninsu, irin comprar lo ía, alamar ba su gama haɗewa ba a lokacin, kuma har yau a rubutun manya na Fotugal ana yin hakan, comprá-lo-ia. Wannan tarihin yana da amfani a aikace, don shi ne dalilin da ƙarshen condicional ya yi daidai da na shuɗaɗɗen lokacin masu -er da -ir. Vendía, ina sayarwa a da. Vendería, da na sayar. Bambancin -er- ɗin tsakiya ne kawai. Ga kuma na uku da yake laɓe kusa da su, vendría, shi wannan ba na sayarwa ba ne ma, na venir ne, zuwa, da na zo. Harafi ɗaya ka haɗiye, ka tashi daga ciniki ka koma alƙawarin ziyara.

Maganar vosotros kuma ya danganta da inda ka dosa. A yawancin Sifaniya shi ake faɗa wa abokai da 'yan uwa in suna da yawa, amma a Meksiko da Kolombiya da Ajantina da sauran Latin Amurka ba mai amfani da shi a magana, ustedes comprarían ne ga yaro da babba, haka ma a tsibiran Kanariya. 'Yan Ajantina da Yurugwai da suke cewa vos a maimakon tú, a wannan lokacin ba su canza komai ba, vos comprarías. Wanda kuma harkarsa ta Ikwatoriyal Gini ce, Malabo ko Bata, inda Hausawa suka daɗe suna kasuwanci, zai ji duka biyun a bakin mutane. Ni dai shawarata ka san compraríais ko don ka gane shi in ka ji.

Yanzu ga inda ya kamata a zauna a nutsu. Mu a Hausa muna da hanya biyu ta sharaɗi kuma ba Bahaushen da yake rikita su. "Idan na samu kuɗi zan sayi mota" mai fata ne yake magana, abin zai iya faruwa. "Da ina da kuɗi da na sayi mota" kuwa mai maganar ya san ba shi da su. Sifaniyanci ya raba su daidai inda muka raba. Na farko, si tengo dinero, compraré un coche, ba condicional a ciki ko kaɗan. Na biyu, si tuviera dinero, compraría un coche. Don haka kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka da Hausa, idan ce ko da ce? In da ce, compraría na nan tafe. Wannan gata ne da muke da shi, a yi amfani da shi.

Amma da ɗin nan ita ce kuma take jefa mutum rami. Mu sau biyu muke faɗinta, da ina da, da na saya, ɓangare biyun suna tafiya da kaya iri ɗaya, sai hankali ya ce to a Sifaniyanci ma a sa -ía a duka biyun, mutum ya ce si tendría dinero, compraría. A'a. Bayan si ta sharaɗi condicional ba ya zama. Gurbinsa ɓangaren sakamako ne kawai, abin da da an yi. Ɓangaren si kuma wani lokaci ne yake riƙe da shi, imperfecto de subjuntivo, wanda sunansa ya fi shi ban tsoro, don gina shi ma da sauƙi: ka ɗauki "sun yi" na aikatau ɗin, ka cire -ron, ka sa -ra. Compraron ya zama comprara, wancan da muka gani ɗazu, vendieron ya zama vendiera, tuvieron ya zama tuviera. Si vendiera la moto, compraría un coche, da zan sayar da babur ɗin da na sayi mota. Kana iya juya jimlar, compraría un coche si vendiera la moto, kowanne dai yana nan da kayansa. Wani lokaci za ka ga vendiese ko tuviese da -se, duk ɗaya ne, an fi ganinsa a rubutu.

Za ka iya jin ɗan ƙasa da bakinsa ya ce si tendría, musamman a arewacin Sifaniya, yankin Basko da Nabara da La Rioja da Burgos, da wasu sassan Ajantina. Karin harshen wurin ne kuma ba wanda zai kasa gane su. Sai dai a jarrabawar DELE, ta gwada iya Sifaniyanci da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, ko a wasiƙar neman aiki kuskure za a ɗauke shi, kai kuma baƙo ne, in ka faɗa ba wanda zai ce karin Bilbao ka ɗauko, cewa za a yi ba ka iya ba. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci, su ginin ba ya ba su wahala don j'achèterais da compraría 'yan gida ɗaya ne, nasu tarkon daban ne: Faransanci yana cewa si j'avais, sai su kwaso shi su ce si tenía. To si tenía dinero, compraba jimla ce mai kyau amma ma'anarta ta koma "a da duk lokacin da nake da kuɗi nakan saya", labarin al'ada kenan, ba sharaɗi ba.

Sannan da tamu ba ta damu sosai da bambanta yanzu da jiya ba, "da ina da kuɗi da na saya" zai iya zama kana tsaye gaban kayan yanzu, zai iya zama bara kake tunawa, sai yanayin maganar ya nuna. Su sun raba. In abin ya riga ya wuce ba dawowa, sai a ɗauko condicional compuesto, habría da comprado: si hubiera tenido dinero, habría comprado el coche. Wannan shi ne lokacin da-na-sani, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Si lo hubiera sabido, no lo habría comprado, da na sani da ban saya ba. Kuma a nan kam an yarda ka maimaita, si lo hubiera sabido, no lo hubiera comprado daidai ne, ana faɗinsa ko'ina musamman Latin Amurka. Hubiera ce take da izinin zama ɓangare biyu, habría ba ta da shi.

Sai ladabi, wanda a rayuwar yau da kullum ma shi za ka fi yi da wannan lokacin fiye da duk wani sharaɗi. A ce ranar Lahadi ce a El Rastro, kasuwar gwanjo ta Madrid, wani saurayi ya ɗaga wata jaket a rumfar wata dattijuwa, ya juya ta ya duba zif ɗin ya duba hammata, sannan ya ce:

"Buenos días, señora. ¿Me la vendería por veinte euros?"

Ta karɓa ta karkaɗe ta ta ce, "Por veinte no, hijo. Por veinticinco te la dejaría."

Shi bai ce véndamela ba, sayar min, ya ce ne kamar "ko za ki sayar min a ashirin, Baba?", yana kiranta da usted. Ita kuma ta ce masa hijo, ɗana, da tú, kuma ba ta ce te la dejo ba, na bar maka, wanda shi ne sallamawa, ta ce dejaría, da na bar maka a ashirin da biyar, wato in ka kai nan. Ba wanda ya ɗaure kansa tukunna, cinikin yana nan da rai. Wannan shi ne sirrin ladabin condicional, kana mayar da buƙatarka kamar zato don kar ka matsa wa mutum. ¿Podría ayudarme? ko za ka iya taimaka min. ¿Le importaría esperar? ko ba damuwa ka ɗan jira. Da kuma wanda ya fi kowanne yawo, me gustaría, zan so. Shi gustar a kula, abin da ake so ne yake jan aikatau ɗin, me gustaría comprar una camisa amma me gustarían dos camisas. Kuma kar a wuce gona da iri, a shagon kofi na Sifaniya mutane ponme un café, ba ni kofi, suke cewa kai tsaye ba wanda yake jin haushi, in ka jero podría da gustaría a kan kofi ɗaya sai a ga kamar takarda kake karantawa. A ofis, a banki, a gaban likita ko surukai, nan ne wurinsu.

Shawara ma da shi ake bayarwa, kuma daidai take da tamu. Yo que tú, no lo compraría, da ni ne kai da ban saya ba. Yo en tu lugar hablaría con ella, da ni ne a matsayinka da na yi mata magana. Deberías descansar, ya kamata ka huta, wanda ya fi debes descansar laushi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wurin da Hausa ba za ta ba ka wata alama ba ko kaɗan, don babu da a cikin jimlar tamu. "Ya ce zai sayi motar ran Litinin." Mu zai ɗin nan ba ta motsi, ko yau ya faɗa ko shekara goma da suka wuce. Sifaniyanci kuwa in mai faɗin ya koma baya, abin da zai yi ma sai ya ja baya tare da shi: dice que comprará, yana cewa zai saya, amma dijo que compraría, ya ce zai saya. Gaba ce da aka hango daga baya. Shi ya sa masanin nahawun nan ɗan Benezuwela, Andrés Bello, a nahawun da ya fitar a Santiago ta Chile a 1847 ya sa masa suna pospretérito, mai biye wa abin da ya shuɗe, kuma har yau sunan da yaran makaranta a Meksiko suka sani kenan. In ka ci karo da pospretérito ko potencial a wani littafi kar ka ɗauka sabon darasi ne, compraría ɗin dai ne. A ganina sunan Bello ya fi kama gaskiyar abin, don ya nuna lokaci ne kafin ya zama sharaɗi. In Litinin ɗin ba ta zo ba tukunna kana iya cewa dijo que comprará, ba laifi. A nan ne kuma za ka ga si da condicional sun zauna tare lafiya: no sabía si lo compraría, ban sani ba ko zai saya. Wannan si ɗin ta "ko" ce, ba ta sharaɗi ba, dokar ɗazu ba ta hau kanta ba.

Kintace ma yana ciki. In aka tambaye ka shekarun wani yanzu sai ka ce zai kai ashirin, su ma haka, tendrá veinte años, da lokaci mai zuwa. In a baya ne sai condicional ya karɓa, tendría veinte años, zai kai ashirin a lokacin. Serían las diez cuando llegó, wajen goma ne ya iso. Wani ya tambaya ina ya samo wayar nan, a ce masa la compraría en Lagos, ba wai da ya saya a Legas ba, a'a, ƙila dai a Legas ya saya.

Masu kallon ƙwallo, wannan naku ne. Lokacin musayar 'yan wasa jaridun wasanni irin su Marca da AS da Mundo Deportivo da shafukan da suke kwafarsu cike suke da jimloli irin el club ficharía a un delantero en enero, ko el jugador habría firmado ya. Wannan -ía ɗin "wai" ce. Wai kulob ɗin zai ɗauko ɗan gaba a Janairu, wai ɗan wasan ya riga ya sa hannu, ɗan jaridar yana gaya maka ne shi ma ji ya yi bai tabbatar ba. Suna ce masa condicional de rumor, ana danganta yaɗuwarsa da tasirin Faransanci, kuma wasu manyan jaridu sun hana ma'aikatansu shi don hanya ce ta yaɗa jita-jita ba tare da ɗaukar alhaki ba. Abin da yake damuna shi ne in aka jefa irin wannan a manhajar fassara wai ɗin takan ɓace a hanya, kafin magariba an gama musu a gidan kallo a kan cinikin da ba a yi ba. In ka ga ficharía, ka jira sai ka ga ha fichado, wato ya ɗauka.

Wanda ya bi ta Turanci ya koyi Sifaniyanci, kamar yawancinmu a Najeriya, yana da wani ramin kuma, don Turanci kalma ɗaya, would, yake amfani da ita ga sharaɗi da kuma abin da aka saba yi a da. Sifaniyanci bai yarda ba. "Ina yaro nakan sayi burodi kullum da safe" shi ne cuando era niño, compraba pan todas las mañanas. Compraba, ba compraría ba. Ka juya jimlar da Hausa a ranka, in kan ta shiga, nakan, yakan, mukan, to ba wurin condicional ba ne.

Wakilin suna gaba yake zuwa, lo compraría, no lo compraría, me lo compraría, sai in akwai aikatau na biyu ya manne masa a baya, me gustaría comprarlo.

Marasa bin ƙa'ida kuwa ba su da yawa, goma sha biyu ne da 'ya'yansu, kuma su ma ƙarshen bai canza ba, jikin ne yake ɗan tsukewa, irin tsukewar da yake yi a lokaci mai zuwa. Tener, poner, salir, venir da valer suna musanya wasali da d, tendría, pondría, saldría, vendría, valdría. Poder, saber, haber, caber da querer suna zubar da e, podría, sabría, habría, cabría, querría. Decir da hacer su suka fi raguwa, diría da haría. Mantener yana bin tener, mantendría, deshacer yana bin hacer, desharía. Su ser da ir da estar da suke wahalar da mutum a ko'ina, a nan lafiya lau suke, sería, iría, estaría. Oír da reír suna sauke tilde ɗinsu ta asali su ɗauki ta ƙarshen kawai, oiría, reiría. Wanda za a yi wa hattara a baki shi ne querría mai r biyu, a kaɗa harshe sosai, don in ka taɓa sau ɗaya quería ka ce, ina so a da. A kanti kam duk wanda ka faɗa za a auna maka, quería un kilo de arroz ma hanyar ladabi ce da ake ji kullum a Sifaniya, amma a yo no querría vivir allí, ni da ba zan so zama can ba, sai da r biyun.